Igiya Ɗaya ta Kaka Maman

Kudai, Makka
Watan Rajab

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Aishatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi, ina fata takardar nan ta same ki lafiya. Yaya gwiwar? Yaya kunnen? Na'ima, ke da za ki karanta mata, ki zauna ta ɓangaren dama ki ɗaga murya, kuma kada ki tsallake inda kika ga ya yi zafi, na san halinki tun kina goye. Na haƙura da waya, don duk ranar da na kira sai in yi ta ihu a tsakiyar kasuwa, Bangalawa da Yamalawa su ji sirrinmu, Inna kuwa ba ta ji ba. Hajiyar da ta kawo miki takardar nan, umra ta zo, ta ce layinku ɗaya a Kurna. Akwai dabino da man zafi a cikin ledar.

Inna, gyara zama. Abdulganiyyu ya zo rumfata.

Shi dai, ɗan yayanki, Abu Bandar mai gidajen haya a Misfala. Wanda aka kira daga gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora daga ƙasa, ranar da aka kama ki, aka ce ga wata tsohuwa ba ta da takarda tana cewa ita gwaggonka ce, ya ce bai san ta ba. Ke da aka haifa a ɗaki ɗaya da ubansa. Laifinki kawai mahaifinki, Kaka Maman, ya yi wa 'ya'yansa maza takardar ƙasa, ya ce mace mijinta zai yi mata, miji kuma ya zo ba shi da ko ta kansa. Na san maganar Abdulganiyyu ba lalle ta tsayar da jirgin da ya kwashe ki zuwa Kano ba. Amma da kin tafi a matsayin 'yar Maman, ba wata tsohuwa da aka tsinta a bakin titi ba. Wannan ne abin da ya tsaya mini a wuya, kuma har yau bai wuce ba.

Ya zo da direba, ya tsaya nesa da ƙurar kayana, ya ce mini ya mu'allim, kiran da Larabawa ke yi wa kowane mai sana'a, kamar bai taɓa cin tuwo a kwanona ba. Sai da direban ya tafi neman wurin ajiye mota Hausa ta dawo masa. Kin san sana'ata. Yanzu kowane mai kuɗi yana son kusurwa guda a majalisarsa da tsohuwar butar gahawa, da takobi, da fitilar kananzir, don baƙo ya ga yana da asali. Ni kuwa asali nake sayarwa, na kowane aljihu.

Ga abin da ya kawo shi. Lujain 'yarsa ta samu miji, Rakan, ɗan wasu manyan 'yan kasuwa na Jidda. A wurin neman girma ya gaya musu kakansa babban hafsa ne a sojan ruwan Taliyan. Suka ce masha Allah, sai mun zo mun ga kayansa. Shi ne ya je ya buɗe akwatin ƙarfen Kaka, wanda ya kwashe lokacin da aka rushe tsohon gidanmu. Me ya samu? Jar dara da asu ya ci, da ƙyallen nan na ɗaurawa a damtse mai jar igiya ɗaya. Bandar ɗansa ya duba masa a waya, ya ce wannan alamar muƙamin muntaz ce, muntaz kuwa ai kofur ne da Turancin Ingila. Kofur, Inna! Da kin ga fuskarsa yana faɗa, kamar wanda ya tauna tsakuwa a shinkafa.

Shi bai sani ba saboda bai taɓa zama ya saurara ba. Ni na zauna. Na tuna yadda kike ba mu labarin Kaka ya taso da ƙafa daga ƙasar Daura, ya ratsa Sudan, guzuri ya ƙare masa a Musawwa a bakin Bahar Maliya, Taliyan suka ɗauke shi askari a jirgin sintiri. Na tuna igiyar da ta naɗe farfelar jirgin a tsakiyar ruwa, kowa ya ƙi shiga saboda manyan kifaye, shi ya ciji wuƙa ya faɗa. A nan ya samu igiyarsa. Har ya rasu Maman Muntaz ake ce masa a Misfala, kuma yana amsawa da ƙarfi.

Abdulganiyyu yana so in samo masa rigar da ta dace da abin da ya faɗa, tsohuwa, mai ado, a sa a akwatin gilashi. Da zai tafi ya tura mini ƙyallen Kaka da gefen hannu, ya ce in zubar da tsumman nan. Na ce to, ranka ya daɗe. Na naɗe shi na sa a aljihun ƙirji, yana nan yanzu haka ina rubutu.

Na karɓi aikin. Na ma rage masa kuɗi, har ya yi mamaki.

Ki gaida mutanen gidan da suka riƙe ki. Ki sa ni a addu'a, amma kada ki roƙi Allah ya sanyaya mini zuciya tukuna, ina da aiki da zafin.

Ɗanki,
Ma'aruf

Kudai, Makka
Watan Sha'aban

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ɗa ga uwa. Yaya jiki, yaya zafin garin? Na ji man ya yi miki amfani, alhamdu lillahi. Na'ima, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba ki masu yi miki.

Saƙonki ya iso, cewa in bar wa Allah. Na bar masa, Inna. Hukunci nasa ne. Ni ɗinki kawai na bayar.

Bari in ba ki labarin cinikin muƙami, don ban taɓa yin ciniki mai daɗinsa ba. Na zaunar da shi a bayan rumfa, na kawo shayi, na fara jero masa kamar mai tallan raguna. Na ce a tudu akwai tenente, shi ne laftanan. Ya ce a'a, wannan na yara ne. Kafitano, kyaftin. Ya yamutsa fuska. Majjore, manjo. Kolonnello, kanar. A nan ya fara gyara zama. Na ce amma ka riga ka gaya wa mutane a ruwa yake, muƙaman ruwa kuwa daban ne, Taliyan da sunan jirgi suke kiran mutum. Ƙaramin ciki gwardiyamarina. Sama kaɗan akwai kafitano di korbetta, mai ƙaramin jirgi. Sai kafitano di firegata, wanda Ingilishi ke ce wa kwamanda. Sai kafitano di bashello, mai babban jirgin yaƙi, kyaftin ɗin ruwa, daidai yake da kanar a tudu. Ya tambayi abin da ke sama da wannan. Na ce ammiraliyo, sarkin teku gaba ɗaya.

Wallahi har ya fara sha'awar wannan ma. Ni na hana shi, na ce Abu Bandar, a bar wa gobe wani abu. Muka tsaya a kan mai babban jirgi. Ya sa na maimaita masa sunan har ya iya, yana faɗa yana lumshe ido. Kakanmu da ya mutu da kanta a tafin ƙafa, a zama ɗaya jikansa ya ɗaga shi daga kofur zuwa kanar, shayin ko hucewa bai yi ba.

Telana na Ka'akiyya ya yi aiki. Farar riga, maɓallan tagulla, zaren zinariya layi-layi a hannu. Na jiƙa ta a ruwan shayi, na shanya a rufin gida rana ta dake ta, na goga wuyan da dutse, na turara ta da tsohon itace. In kika gan ta sai ki rantse ta ga yaƙi. Ya so a ƙara anini a kafaɗa, na ƙara. Duk abin da ya ce, to nake cewa.

Yanzu ga abin da bai sani ba. Shi a wurinsa surukan nasa mutanen Jidda ne masu kuɗi, shi ke nan, bai tambayi daga ina kuɗin suka hau jirgi ba. Ni na san kakan angon, Ammi Idris. Tsoho ne tukuf, da sanda, amma idonsa ya fi nawa. In ya zo Harami yakan biyo ta rumfata yana neman duk wani abu da ya fito daga Musawwa, don can aka haife shi. Ubansa askarin Taliyan ne shi ma. Ba sau ɗaya ba ya zana mini a ƙasa da sandarsa: muntaz igiya ɗaya, bulukbashi biyu kamar saje, shumbashi uku da bulala a hannu, kamar samanja. Sai ya ja dogon layi a sama ya ce nan ne rufin ɗaki, daga nan sai farar fata. Ubansa shumbashi ne, kuma tsohon yana ɗauke da wannan kamar rawani. Ka ce masa wani baƙin mutum ya wuce ubansa a Musawwa, ka taɓo inda ba a taɓawa.

Ban gaya masa komai ba. Ba sai na gaya masa ba.

Kin tambaya ta bakin Na'ima ko na tuna da Lujain. Na tuna. Ita kaɗai a gidan nan ta zo ta same ni bayan an tafi da ke, ta tsaya a bakin rumfa da Hausarta mai tsami tana tambaya ko Gwaggo ta isa lafiya, ko tana da bargo. Ba zan ɓata mata aure ba in da hali. Na bar wa ubanta ƙofa. Guda ɗaya ce, kuma gajeriya ce, sai ya sunkuya.

Kin tuna wata Sallah muna yara, da ya ɗinke mini ƙafafun sabon wandona da zare, na tashi sawa na faɗi a gaban baƙi? Na zo ina kuka na ce ki rama mini. Kika yi dariya har da hawaye, kika ce ɗan mace da ɗan namiji taubasai ne, abin da taubashi ya yi wasa ne, ba a fushi, ba a kai ƙara. Na haɗiye a ranar. To, ban manta karatun ba.

An sa walimar ganin juna bayan sallar Juma'a, kafin azumi. Ya ce in zo in kafa gilashin, in tsaya kusa ko za a yi tambayar da ta fi ƙarfinsa, amma in sa tufafi masu tsabta kuma kada in yi Hausa. Na ce to, ranka ya daɗe.

Ki ci abinci, Inna. Na'ima ta ce kina rage tuwo.

Naki,
Ma'aruf

Kudai, Makka
Farkon Ramadan

Innata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Barka da shan ruwa. Ina fata azumin bai taɓa ki da yawa ba, in ya yi nauyi ki ajiye, Allah ya san shekarunki. Na'ima, wannan karon ki karanta a hankali, in kin zo wurin da na ja layi ki maimaita mata.

An yi walimar. Majalisa ta cika, mutanen Jidda da alkyabbunsu a gefe guda, namu na Misfala a gefe guda, ƙamshin turare da na rago sun haɗu. Gilashin yana kusurwa an rufe shi da koren mayafi, fitila a kansa. Ina tsaye a bayansa. Wani daga cikin baƙi ya tambayi ko ni wane ne, Abdulganiyyu ya ce dillali ne da ke yi mana 'yan aikace-aikace. Na sunkuyar da kai. Na gode masa a zuciya, don da ma akwai ɗan tausayin da ya rage mini, ya taimaka ya kashe shi.

Bayan an wanke hannu ya miƙe, ya yaye mayafin, ya yi jawabi. Sunan muƙamin ya fito masa sumul, har da karkaɗa harshe. Ya ce kyaftin ne na babban jirgi, daidai da kanar, Turawa suna sara masa. Mutane suka yi ta masha Allah, matasa suka ɗaga wayoyi.

Ammi Idris bai ce masha Allah ba. Ya nemi a tashe shi, ya dogara sandarsa har gaban gilashin. Ya daɗe yana kallo. Ya bi layukan zinariyar da bakin sandar ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya juyo, ba tare da ɗaga murya ba, ya tambayi a wane gari aka ce, aka ce Musawwa. Ya gyaɗa kai.

Ya ce, "Ɗana, mu da muka fito daga can mun san inda aka tsayar da iyayenmu. Ko dai kakanka Bature ne, ko kuma wani a ɗakin nan ya yi mana ƙarya."

Inna, ban taɓa jin shiru mai daɗin wannan ba. Wayoyi suka sauka. Uban angon ya fara tattara gefen alkyabbarsa. Gumi ya keto wa Abdulganiyyu ta ƙarƙashin ƙyallen kansa. In ya ce Bature ne, ya sayar da kakansa a garin Makka a gaban dattawan Misfala da suka yi wa Maman salla. In ya ce ƙarya ce, wa zai haɗa zuri'a da shi? Ya waiwayo yana nemana da ido, irin kallon da nake jin kin yi wa ƙofa a gidan tarhil.

Ba zan ɓoye miki ba, na bar shi a ciki. Na tsaya ina kallon silin. Na so ƙwarai in bar shi har ya nutse. Sai na ji motsin mata ta bayan labule, na san Lujain tana can tana saurare.

Sai na tuntsire da dariya. Na fito tsakiya na ce wa tsohon ya yafe, ni ne mai ƙaryar. Na ce a al'adarmu ɗan mace da ɗan namiji abokan wasa ne, kowa yana haƙa wa ɗan'uwansa rami tun suna yara, kuma ba a fushi. Na ce wannan bawan Allah bai taɓa zama ya ji labarin kakanmu ba, shi ya sa na cika masa kunne, na ɗinka masa kanar, ya hau ya zauna. Na ce bashin wani wando nake ramawa. Dattawanmu na Misfala suka fara murmushi, don sun san wasan. Na zaro ƙyallen Kaka daga aljihu na miƙa wa Ammi Idris.

Tsohon ya karɓa da hannu biyu. Ya shafa igiyar da babban yatsa, ya ce muntaz. Na ba shi labarin farfela da wuƙa. Ya ce baƙo daga yamma ya samu igiya a jirgin Taliyan, wannan ba ƙaramin namiji ba ne, wannan ya fi waccan rigar ta gilashi sau dubu. Amma tsohon ɗan kasuwa ne, ba a rufe masa ciniki da labari. Ya juya ga Abdulganiyyu ya ce ɗazu an ce mini dillali ne. Wasan nan sai tsakanin jini. Gaskiya ne ɗan gwaggonka ne?

Kin ga ƙofar. In ya ce a'a, to ba wasa ba ne, shi ne maƙaryacin.

Ya ce e, can ƙasan maƙoshi. Na ce Abu Bandar, Ammi ya manyanta, a ɗaga murya, a kuma faɗi suna, don gwaggo suna da yawa a duniya. Na'ima, ga wurin da na ja layi.

Ya ce, "Ɗan gwaggona ne. Aishatu 'yar Maman, ƙanwar mahaifina, uwa ɗaya uba ɗaya."

Ya faɗa da Larabci. Wani dattijo daga cikin namu, Allah ya saka masa, ya ce shi bai ji da kyau ba, sai ya sake faɗa da Hausa. Uban angon ya tambayi ina take, me ya sa ba a gan ta wurin mata ba. Ya ce tana Kano. Ba wanda ya ƙara tambaya, amma mutanen Misfala sun dubi juna, kuma ya ga sun duba.

Aure yana nan, an sa bayan Sallah. Mutanen Jidda sun tafi suna dariya, suna cewa Hausawa wasanku da tsada. Da zan fita ya tare ni a matakala, idonsa ja, ya ce na ci amanarsa a gaban duniya. Na dafa kafaɗarsa na ce haba Yaya, wasa ne, ba a fushi, ba a kai ƙara. Rigar kuwa ya ce in kwashe ta daga gidansa. Na kwashe. Har na samu wani mai neman asali a Ɗa'ifa, shi nasa kakan na Turkawa ne, maɓallai kawai za a canja.

Saura abu ɗaya. Ammi Idris ya ce lalle a sa igiyar gaskiya a gilashin, duk wanda ya shigo ya gani. Abdulganiyyu ya miƙo hannu. Na ce a'a, ya riga ya ba ni ita in zubar, kuma ai mai ita yana da 'ya a raye. Tsohon ya ce wannan gaskiya ne, a kai wa 'yar, a bar gilashin a inda yake don girmama mai shi. Abdulganiyyu ya janye hannunsa.

Saboda haka ki buɗe ƙullin da ke cikin ambulan ɗin nan, Inna. Ki shafa, za ki ji inda zaren ya tashi, nan ne igiyar. Har yanzu akwai ɗan ƙamshin akwatin Kaka a jikinta.

Gilashin yana can a majalisarsa, fitila a kai, babu komai a ciki, kuma surukai sun san da shi, ba ya cirewa. Duk baƙon da ya shigo zai tambayi me ke nan, shi kuma dole ya ce kayan kakana ne, suna Kano wurin gwaggona Aishatu. Zai faɗa gobe, zai faɗa ranar biki, zai faɗa har ya tsufa.

Yanzu kina iya roƙa mini sanyin zuciyar.

Lujain ta ce a gaishe ki, har yanzu tana tambaya ko kina da isasshen bargo.

Ɗanki, jikan Maman Muntaz,
Ma'aruf